Faifan Dutsen da Sarakuna Suka Riƙe Ba Su San Shekarunsa Ba

A shekarar 1982, a wani tudu da ake kira Sidun kusa da birnin Changzhou a lardin Jiangsu na ƙasar Sin, masu binciken kayan tarihi suka buɗe kabarin wani saurayi da ya mutu yana da kimanin shekara 20. Sun tarar an jera masa fayafayan dutse 24, wasu a ƙarƙashinsa, wasu wajen kai da ƙafa, mafiya kyau kuma a kan ƙirji da ciki. An kewaye gawar da wasu duwatsu 33 masu kusurwa huɗu da rami a tsakiya. Da yawa daga cikin fayafayan sun tsage, akwai tabon wuta a jikinsu, alamar an ƙona su a wajen jana'izar. Saurayin ya fi shekara 4,000 kwance a wurin, babu wanda ya taɓa shi.

Sinawa na kiran wannan faifai bi. Wanda ya taɓa riƙe tsohon kwabo mai huda ya riga ya san siffarsa, sai dai wannan na dutse ne, kuma faɗinsa yakan kai santimita 15 zuwa 25, kaurinsa kamar santimita ɗaya. Na farkon zamani ba su da ado. Sumul suke, kore-kore ko ruwan toka ko fari, da jijiyoyin launi da suka ratsa su. Ɗan'uwansa mai kusurwa huɗu, wanda ake rubutawa cong ana furtawa tsung, ya fi shi kwalliya, domin a kusurwoyinsa akan zana fuskoki masu manyan idanu. Dukansu daga dutse ɗaya ake yin su, dutsen yu, wanda Turawa ke kira jed, wanda kuma Sinawa suka fifita a kan zinariya tun fil azal.

Sai mutum ya san yadda ake sarrafa wannan dutse kafin ya gane nauyin abin da aka binne da saurayin nan. Dutsen yu ba ya saruwa. Cikinsa zare-zare ne da suka sarƙe da juna, shi ya sa yake da naci, ko wuƙar ƙarfe ba ta cin sa yadda ya kamata. Mutanen da suka yi waɗannan fayafayai kuwa ba su san ƙarfe ba sam. Da yashi suka ci ƙarfinsa. Mai aiki zai jiƙa yashi mai kaifi, ya ɗora igiya ko wani siririn dutse a kan curin, ya yi ta ja gaba da baya, yashin na cin dutsen kaɗan-kaɗan har a fitar da falle. Hudar tsakiya kuma da bututu ake yin ta, galibi ana kyautata zaton na gora ne, ana murza shi da yashi daga fuska ɗaya har rabi, a juya faifan a faro daga ɗaya fuskar. Sau da yawa ramukan biyu ba sa haɗuwa daidai, sai a bar ɗan tudu a cikin hudar. Wannan ɗan tudu na burge ni fiye da duk wani ado da aka yi wa fayafayan baya, domin a nan ne ake ganin hannun mutum, mutumin da ya auna da ido ya kuskure da ɗan kaɗan bayan ya sha wahalar da Allah kaɗai ya san tsawonta. Bayan huda sai goga, har fuskar ta yi sheƙi.

Faifan ba ya yanka komai, ba a cin abinci a kansa, ya yi nauyi a rataya a wuya. Al'ummar da ta ware gwanaye suna wannan aiki, wasu na noma suna ciyar da su, sannan a ɗauki abin da suka yi a tura ƙarƙashin ƙasa da mutum ɗaya, al'umma ce mai sarauta da talakawa da rarar abinci. Haka kuwa take. Mutanen Liangzhu ne, waɗanda suka rayu a fadamun bakin kogin Yangtze daga wajen shekara ta 3300 zuwa 2300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Manoman shinkafa ne, sun gina birni mai ganuwa kusa da inda Hangzhou take a yau, sun yi madatsun ruwa da magudanai da har yanzu ake jinjina wa girmansu. Ba su bar rubutun da za a karanta ba. Da garinsu ya watse, wanda masana da dama ke danganta shi da ambaliya, sunansu ya ɓace gaba ɗaya, amma faifan ya ci gaba da tafiya. Mutanen Qijia na can arewa maso yamma, a Gansu da Qinghai na yanzu, su ma sun yi nasu, daulolin Shang da Zhou kuma suka gaje shi.

A zamanin Zhou ne aka fara rubuta masa ma'ana. Wani littafi na tsare-tsaren fada da ibada mai suna Zhouli ya ware faifan bi domin girmama sama, tsung kuma domin ƙasa, bisa tunaninsu na cewa sama da'ira ce, ƙasa kuwa mai kusurwa huɗu. Har gobe wannan bayani ake fara gaya wa baƙo a gidajen tarihi. Sai dai a lura, tsakanin marubutan littafin da mutanen Liangzhu akwai tazarar kusan shekara 2,000. Abin da suka rubuta shaida ce ta yadda mutanen Zhou suka ɗauki faifan. A wurinsu kyautar sarakuna ne, jakada na riƙe shi in zai shiga fada, sarkin da aka ci da yaƙi kuma yakan fito da shi a baki alamar miƙa wuya.

Akwai faifai guda da labarinsa ya shiga bakin kowane ɗan makaranta a ƙasar Sin. An ce wani mutum mai suna Bian He a ƙasar Chu ya tsinci curin dutse a kan tsauni, ya tabbata akwai yu a cikinsa, ya kai wa sarki. Gwanin fada ya duba ya ce dutse ne kawai. Aka yanke masa ƙafa ɗaya don ya yaudari sarki. Da aka yi sabon sarki ya sake kaiwa, aka sake ƙaryata shi, aka yanke ɗayar. A zamanin sarki na uku ya rungume dutsensa a gindin tsaunin yana ta kuka, har labari ya kai fada. Da aka tambaye shi, ya nuna ba ƙafafun ne suka fi yi masa ciwo ba, an raina abu mai daraja, an kuma mayar da mai gaskiya maƙaryaci. Sarki ya sa aka fasa curin, sai ga yu da ba a taɓa ganin irinsa ba. Aka yi faifai da shi aka sa masa sunan mutumin.

Faifan nan ya koma hannun Sarkin Zhao. Wajen shekara ta 283 kafin Miladiyya, Sarkin Qin, wanda ya fi kowa ƙarfin yaƙi a lokacin, ya aiko cewa zai ba da garuruwa 15 a ba shi faifan. Zhao ta shiga tsaka mai wuya: a hana, yaƙi, a bayar, kowa ya san garuruwan ba za su zo ba. Sai wani bafade mai suna Lin Xiangru ya ce a ba shi ya kai. A fadar Qin ya ga sarki na miƙa faifan ga matansa da fadawa suna yabawa, ba wanda ya ta da zancen gari ko ɗaya. Ya matso ya ce akwai ɗan aibi a jikinsa, a ba shi ya nuna. Da faifan ya dawo hannunsa ya ja da baya ya jingina da ginshiƙi, ya rantse in aka matsa masa zai haɗa kansa da faifan ya fasa a jikin ginshiƙin. Ya nemi sarki ya yi kwana 5 yana tsarkake kansa kafin a miƙa masa, a cikin kwanakin kuma ya sa yaronsa ya sa tsummoki ya bi ta ɓarauniyar hanya ya mayar da faifan gida. Masanin tarihi Sima Qian ne ya adana wannan labari, kuma har yau in Basine ya mayar wa mutum kayansa lafiya lau, da wannan labari yake misali.

A daular Han faifan ya cika da ado, aka riƙa yi masa ƙananan ƙuraje kamar tsiron hatsi, da dodanni masu jikin maciji suna hawa gefensa. Sun yi imani yu na hana gawa ruɓewa. Yarima Liu Sheng, wanda ya mutu a shekara ta 113 kafin Miladiyya aka gano kabarinsa a Mancheng a 1968, an sa shi cikin riga ta ƙananan allunan yu fiye da 2,000 da aka ɗinke da zaren zinariya, da fayafayai a gaba da bayansa. Haka aka samu Sarkin Nanyue a Guangzhou a 1983, nasa ɗinkin da siliki.

Tara waɗannan duwatsu don sha'awa tsohon abu ne a ƙasar Sin. Tun a 1092, zamanin daular Song, wani malami Lu Dalin ya wallafa kundin tsoffin kaya da zanensu da awonsu. Manomi na huɗa ya ci karo da faifai, ya kai wa dillali, dillali ya kai wa attajiri ko hakimi. Ƙasa takan sauya wa dutsen launi, wani ya yi fari fat har masu tarawa na kwatanta shi da ƙashin kaza, wani ya yi ja-ja suna cewa jinin gawa ne ya shige shi. Akwai masu ɗaukar shekaru suna murza dutse a tafin hannu da ƙyalle don su dawo masa da sheƙi. Ƙauna ce ta gaske, ban da shakka a kai.

Babu wanda ya kai Sarki Qianlong a wannan ƙauna. Ya hau gadon daular Qing a 1735, ya yi shekara 60 yana mulki. A zamaninsa rundunarsa ta ci yankin Xinjiang a 1759, yu na kogunan Hotan ya riƙa kwarara zuwa fadar Beijin. Amma tsoffin da aka tono su ne ransa. Yakan zauna ya juya su, ya yi musu daraja-daraja, ya sa a yi musu mazauni na katako mai tsada. Mawaƙi ne kuma, ya bar waƙoƙi fiye da 40,000, ɗaruruwa daga ciki a kan yu. In faifai ya burge shi sai ya yi masa baiti, ya umarci masassaƙan fada su sassaƙa baitin a fuskar faifan, da hatiminsa. Ka ga faifan da wani ya goge sumul shekara 4,000 da suka wuce, ga layukan rubutun sarkin ƙarni na 18 sun cika fuskarsa.

Wannan abu na ɓata mini rai duk sa'ad da na ga hotonsa. Fuskar da aka bari fili da gangan an cike ta, kuma ba ta gyaruwa. Amma ba na iya yi wa sarkin kallon mai ɓarna kawai, domin waƙoƙin nasa cike suke da tambaya: na wane zamani ne wannan, me aka yi da shi? Yana nema da gaske, kayan neman ne babu. Yawancin tsoffin duwatsun ya jingina su ga Zhou ko Han. Tsung kuwa bai gane shi ba sam, ya ɗauka marfin bakin sandar ɗaukar karaga ne ko wani ɓangare na keken doki, har ya sa aka yi wa wasu bututun tagulla a ciki ana sa furanni. Mutumin da ya mallaki irin wannan gagarumin tarin yu ya kuskure shekarun wasu kayansa da shekara dubbai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Har jabu ya sha. Shi da kansa ya rubuta a 1753 yadda ya nuna wa wani masassaƙin fadarsa, Yao Zongren, wani ƙoƙon yu da yake ganin na zamanin Han ne. Masassaƙin ya yi murmushi ya ce kakansa ne ya yi shi, ya kuma bayyana yadda ake yi wa sabon dutse ƙananan huji a shigar masa da rini har ya yi kama da wanda ya daɗe a ƙasa. Sarkin bai ɓoye ba, ya rubuta labarin ya ajiye tare da ƙoƙon, kuma wannan na ƙara masa ƙima a idona. Tarin nasa ya sha gwagwarmaya daga baya. Sojojin Ingila da Faransa sun wawashe fadar bazara ta Yuanmingyuan a 1860. Kayan babbar fada kuma an kwashe su zuwa kudu a 1933 don gudun mamayar Japan, wani kaso ya haye Taiwan a 1948 da 1949, shi ya sa fayafayai masu baitocin Qianlong suka rabu tsakanin Beijin da Taipei.

Wanda ya fara warware ƙullin tsung wani babban jami'i ne kuma malami, Wu Dacheng. A littafin da ya fitar a 1889 ya auna duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya gwada su da bayanin tsoffin littattafai, ya nuna cewa abin da dillalai ke kira kayan keken doki shi ne tsung ɗin da Zhouli ke magana a kai. Ya dawo masa da sunansa, sai dai shi ma bai wuce zamanin Zhou ba. Berthold Laufer na gidan tarihi na Field a Chicago ya dogara ƙwarai da aikin Wu a littafinsa na 1912, ta nan attajiran Turai da Amurka suka san abin da za su nema.

Lokacin kuwa ya zo musu daidai. Daular Qing ta faɗi bayan juyin juya halin 1911, manyan gidaje suka talauce suna sayar da gadonsu. Duanfang, gwamna kuma babban mai tara kayan tarihi, an kashe shi a juyin juya halin, iyalinsa suka riƙa sayar da kayansa. Ana shimfiɗa layin dogo ana ratsa tsoffin maƙabartu a wajen Luoyang. Charles Lang Freer, attajirin Detroit da ya yi arziki da ƙera taragun jirgin ƙasa, ya sayi fayafayai da yawa daga dillalan Shanghai a shekarun ƙarshe na rayuwarsa. Ya rasu a 1919, gidan da ke ɗauke da sunansa ya buɗe a Washinton a 1923. A Faris akwai C. T. Loo, dillali ɗan ƙasar Sin da ya gina jan bene mai siffar gine-ginen ƙasarsu yana sayar wa gidajen tarihi na yamma. Turawa na girmama shi, a gida kuwa har yau da yawa na ganin ya sayar da gadon ƙasarsa. Grenville Winthrop ya bar wa jami'ar Harvard nasa tarin a 1943. George Eumorfopoulos da Oscar Raphael suka cika gidajen tarihi na Landan.

Abin da ya faru a ƙauyen Jincun kusa da Luoyang shi ya fi ci mini rai. A 1928 ruwan sama ya rufta ƙasa, manyan kaburbura suka bayyana, waɗanda ake ganin na gidan sarautar Zhou ne na ƙarshe-ƙarshe. Aka yi shekaru ana kwasa, ba awo, ba zane, ba rubuta abin da ke kusa da wane. Kayan suka watsu zuwa Kanada da Japan da Amurka. William Charles White, bishop ɗan Kanada da ke zaune a Henan yana saya wa gidan tarihi na Toronto, ya rubuta littafi a kan kaburburan a 1934, mafi yawa daga abin da aka ba shi labari. Na taɓa tsayawa gaban irin waɗannan fayafayai a gidan tarihi na Landan, kyawunsu na ɗauke numfashi, amma da yawa ɗan katin da ke gefensu ba ya iya faɗin ramin da suka fito. Masu kare waɗannan attajirai na cewa da ba su saya ba da yaƙe-yaƙe sun hallaka kayan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kuɗinsu ne ya sa manomi ya bar gona ya ɗauki shebur.

Dalilin da ya sa ramin ke da muhimmanci shi ne dutse ba ya faɗin ranar da aka sassaƙa shi. Gwajin kabon na aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi da gawayi da hatsi. Sai an samu faifan a kwance inda aka ajiye shi, kusa da tukwane da ƙasusuwa, sannan a iya ba shi shekaru. A 1936 wani matashi ma'aikacin gidan tarihi a Hangzhou, Shi Xingeng, ɗan asalin garin Liangzhu, ya tono baƙaƙen tukwane a garinsu ya nuna akwai tsohuwar al'umma a wurin. Ko a lokacin ba a yarda mutanen zamanin dutse za su iya aikin yu irin wannan ba. Sai a 1973, a Caoxieshan kusa da Suzhou, aka tarar da faifan bi da tsung a kabari ɗaya da tukwanen Liangzhu. Nan take shekarun waɗannan duwatsu suka ja baya da fiye da shekara 1,000 daga inda masana suka ajiye su. Sidun ta biyo baya, sannan Fanshan a 1986 da Yaoshan a 1987. A wani kabari guda a Fanshan an ƙirga fayafayai 54, kuma an lura masu kyau na wajen ƙirji, marasa gyara an tara su jibgi wajen ƙafa, abin da ya sa wasu masana ke ganin faifan ma'aunin dukiya ne a wurinsu, ba kayan ibada kaɗai ba. Babu mai tarawa, komai kaifin idonsa, da zai gano haka daga faifan da ke kan teburinsa.

Gidajen tarihi na duniya suka koma suna sauya katuna. A tarin Freer an samu fayafayai da aka yi wa wani siririn zane da ƙyar ido ke gani, tsuntsu tsaye a kan dakali mai hawa-hawa. Da aka samu irin zanen a kayan yankin Liangzhu, aka tabbatar Freer ya mutu bai san ya mallaki wasu daga cikin alamomi mafiya tsufa a ƙasar Sin ba. An gano ganuwar birnin Liangzhu a 2007, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. 'Yan wasan da suka ci lambobin Olamfik a Beijin a 2008 ma faifan bi suka rataya, domin an dasa zoben yu na Qinghai a bayan kowace lamba.

Da darajar ta tashi, jikokin sana'ar kakan Yao Zongren suka yawaita. Ana jiƙa sabon dutse a asid, a gasa shi, a binne, a fito da shi da farin ƙashin kaza. A 2011 an yi gwanjon wani teburin kwalliya da kujerarsa na yu a Beijin kan yuwan miliyan 220 da sunan na zamanin Han ne, sai masana suka tuna wa jama'a cewa mutanen Han a tabarma suke zama, daga baya aka gano a garin Pizhou aka haɗa su ba da daɗewa ba. Saboda haka mai saye na gaskiya yanzu takarda yake fara tambaya: a hannun wa faifan yake kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana safarar kayan tarihi? Amurka ma ta sa hannu da Sin a 2009 kan taƙaita shigo da irin waɗannan kaya.

Tonon dare dai bai tsaya ba. A 2015 'yan sanda a lardin Liaoning sun kama mutum 175 da ke wawashe wuraren al'ummar Hongshan, wadda ita ma ta yi aikin yu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, suka ƙwato kaya 1,168. Kayan sun koma hannun hukuma, amma ramukan da aka ciro su an riga an hargitsa su, kuma yadda kowanne ya kwanta a jikin mai shi ya tafi ke nan.